Babi na Bakwai: Tako da Salsa a Madafin Bazazzagiya

Duk wanda ya taɓa bi ta Ƙofar Doka bayan an idar da sallar magariba, a sa'ad da hayaƙin tukubar masu tsire yake gauraya da ƙurar masu komowa birni daga Tudun Wada da Sabon Gari, in har ya tsaya ya lura da abin da mahauci yake yi da hannuwansa, to ya riga ya ga asalin abincin da wannan babi zai yi bayani a kansa, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Mahaucin yakan ɗora gurasa a gefen waya ta sha ɗumi, ya zare tsoka daga tsinke ya yayyanka ta a kan takarda, ya yanka albasa da tumatir da wuƙar nan tasa wadda wasawa ta cinye rabinta, ya barbaɗa yaji, ya ɗiga mai, sa'an nan ya naɗe ya miƙa. Mai saye kuwa ya yagi gurasa, ya dunƙulo nama da albasa a cikinta, ya yi bisimilla ya kai baki, ba cokali ba akushi. Abu uku ne suka haɗu a cikin wannan loma, watau waina mai faɗi wadda ta zama mazubi, da abin da aka zuba a cikinta, da ɗanyen haɗi mai yaji wanda yake tayar da ɗanɗanon sauran. Waɗannan ukun su ne rukunan abin da mutanen ƙasar Meziko, maƙwabciyar Amurka ta wajen kudu, suke kira tako, shi kuma haɗin mai yaji suna ce masa salsa.

Dalilin da ya sa na ware wa wannan baƙon abinci babi guda shi ne, na ga 'yan matanmu da amarenmu suna kallon hotunansa a wayoyinsu suna sha'awa, alhali kuwa sun ƙudurta a ransu cewa ba ya yiwuwa sai an tafi manyan kantunan Kaduna ko Abuja an sayo waina a leda da miya a kwalba, an kashe kuɗin cefanen mako guda a kan abin da ba zai ƙosar da yara uku ba. Wannan zato kuskure ne, kuma yana jawo israfi. A ƙasarsa ta asali tako cimar talaka ce, ta manomi da lebura da ɗan dako, kuma kusan babu wani abu da yake bukata wanda ba a kasa shi a kasuwar birnin Zariya. Abin da ya kamata mu ara daga mutanen Meziko hikima biyu ce kawai: yadda suke sarrafa masara har ta yarda ta zama waina mai lanƙwasuwa, da yadda suke barin tumatir da barkono su bayyana ɗanɗanonsu ba tare da an nutsar da su cikin mai ba. Sauran duka muna da su, wasu ma namu sun fi nasu.

Wajibi ne kuma mai karatu ya san cewa zumuncin da ke tsakanin tukunyarmu da tasu daɗaɗɗe ne. Masara a Meziko aka fara nomanta, shekaru kimanin dubu tara da suka shuɗe, daga wata ciyawa ta daji wadda zangarniyarta ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Tattasai da yawancin barkonon da muke dakawa daga can suke. Tumatir ma a hannun manoman can ya zama abin da muka sani a yau. Attarugu da gyaɗa da rogo kuwa daga ƙasashen da ke kudu da su suka fito. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka sani a Afirka ko Turai ko ƙasashen Larabawa kafin shekarar 1492, lokacin da jiragen Kolumbus suka ƙetare teku. Daga baya ne suka iso mana sannu a hankali, wasu ta bakin teku a hannun fataken Fotugal, wasu ta Masar da hanyoyin Sahara. Ma'ana dai, a zamanin da ake danganta wa Sarauniya Amina da gina ganuwa, mai girki a Zazzau da masoro da kimba da citta take ba miya zafi, da daddawa take ba ta armashi, kuma da wuya in ta taɓa ganin jar miyar da muke ɗauka yanzu tamkar da ita aka halicce mu. Saboda haka Bazazzagiyar da ta ɗauki tumatir da barkono ta haɗa salsa, amfanin fadamar Galma da ke hannunta take sarrafawa bisa tafarkin waɗanda suka fara shuka shi.

Akwai shaida rubutacciya a kan daɗewar wannan sana'a a wurinsu. Bayan da Sifaniyawa suka ci babban birnin daular Aztek ta Meziko da yaƙi a 1521, wani malamin Kirista mai suna Bernardino de Sahagun, wanda ya iso ƙasar a 1529, ya shafe shekaru masu yawa yana zama da dattawan ƙasar yana rubuta al'adunsu da harshensu, har littafinsa ya kammala wajen 1577. A cikinsa ya siffanta masu sayar da wainar masara iri iri a kasuwa, da masu sayar da haɗin barkono da tumatir da 'ya'yan kabewa, mai zafi da mai tsananin zafi, ja da rawaya. Wanda ya san rumfunan 'yan kayan miya a kasuwarmu ba zai ji baƙunci a wannan siffa ba. A 2010 kuma hukumar UNESCO ta sanya girkin gargajiya na Meziko cikin jerin kayan gadon 'yan Adam da ya wajaba a kiyaye, kuma hanyar sarrafa masarar da zan bayyana nan gaba tana cikin abubuwan da aka ambata.

To, a nan ne zan daɗe, domin nan ne fa'idar babin take. Masara ba ta daɗe da zama sarauniyar hatsi a ƙasar Zazzau ba. Dattawa suna tune da lokacin da ake shuka ta a bayan gida kawai, a gasa ta ɗanya a ci kafin gero ya nuna, dawa kuwa ita ce tuwo. Daga wajen tsakiyar shekarun 1970 ne, da zuwan takin zamani da ingantattun iri, da ayyuka irin shirin bunƙasa noma na Funtuwa wanda aka fara a 1975, da ƙoƙarin cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922 kuma take fitar da irin masarar da ake kira SAMMAZ, masara ta mamaye gonaki daga Giwa har Soba da Saminaka. Mun karɓi ƙwayar hannu bibbiyu, amma ilmin da masu ita suka haɗa ta da shi bai iso mana ba. Mu surfe muke yi mata, mu fitar da dusa tare da idon ƙwayar inda mai da ƙarfin abincin suke, mu ba awaki, mu wanke, mu shanya, mu niƙa farin gari ƙal wanda yake faranta wa ido rai. Wannan gari kuwa, duk wadda ta kwaɓa shi da nufin yin waina mai faɗi za ta ga yana tsagewa yana marmashewa, domin masara ba ta da danƙon da alkama take da shi.

Mutanen Meziko tun fiye da shekaru dubu biyu suka gano maganin wannan. Sukan dafa ƙwayar masara sama-sama a cikin ruwan da aka sa wa farar hodar da ake samu in an ƙona farin dutse, ko kuwa ruwan tokar itace, su bar ta ta kwana a ciki, da safe su murje su ɗauraye, su niƙa ta da danshinta. Kaifin ruwan tokar yana narkar da fatar ƙwayar ya mai da wani sashe nata danƙo, ɗan dahuwar da ta yi kuma yana sa garin ya kama jikinsa, sai a sami ƙulli mai laushi wanda ake iya faɗaɗawa ya yi siriri bai karye ba, ga wani ƙamshi na musamman wanda tuwon masara ba shi da shi. Amma babbar ni'imar da ke cikin wannan aiki ido ba ya ganinta. A cikin masara akwai wani sinadari mai gina jiki da likitoci suke kira niyasin, wanda yake ɗaure ta yadda hanji ba ya iya cin moriyarsa, sai kaifin toka ya kwance shi. Turawan da suka kwashi masara suka bar wannan ilmi a baya sun ɗanɗana kuɗarsu, domin talakawan Sifen da arewacin Italiya, daga bisani kuma na kudancin ƙasar Amurka, waɗanda suka dogara da fate-faten masara kusan shi kaɗai, wata cuta ta auka musu mai ɗaye fata da kawo zawo da taɓa hankali, wadda wani likitan Sifen, Gaspar Casal, ya fara siffantawa a 1735, ta kuma hallaka dubban mutane kafin a gane sababinta a ƙarni na 20. Mu Allah ya kiyaye mu da wake da gyaɗa da miyar ganye da muke haɗawa da tuwo. Bugu da ƙari, masana sun tabbatar cewa wannan dahuwa da ɗauraya suna rage dafin fumfunar da ke kama masarar da ba ta bushe sosai ba a rumbu, dafin da yake lahanta hanta, wanda kuwa matsala ce da manoman ƙasarmu suka sani.

Ita kuwa toka ba baƙuwa ba ce a madafinmu, da tsohuwar zuma ake magani. Iyayenmu mata sun daɗe suna tace ruwan toka su ɗiga a miyar kuka da ta yakuwa, suna jefa kanwa a wake da ɗanwake. Ga yadda za a yi. A sami tokar itace mai tsabta, ko ta karan dawa, wadda ba a hura wutarta da leda ko roba ko kananzir ba, a tankaɗe ta. Ga kowace tiya ta masara a auni kamar rabin tiya zuwa tiya guda ta toka, gwargwadon kaifinta, a tafasa ta da ruwa mai yawa, a bari ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama ta cikin ƙyalle. A zuba masarar da aka tsince aka wanke, wadda ba a surfa ba, a cikin wannan ruwa, a dafa da wuta matsakaiciya. Sharaɗi ne tukunyar ta zama ta ƙasa ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa, domin ruwan toka yana cin tukunyar dalma, ya baƙanta abinci. Alamar farko ita ce farar masara ta rikiɗe ta yi rawaya. Bayan kamar rabin sa'a a ɗebo ƙwaya guda a murza tsakanin yatsu: in fatar ta saɓule, aka kuma gartsa aka ga bayanta ya yi laushi amma cikinta yana nan fari da ɗan gari-gari, to a sauke, kada a bari ta dahu lugub, domin ƙullin zai yi yauƙi ya riƙa manne wa hannu. A rufe ta kwana. Da asuba a tsiyaye ruwan a zubar inda dabba ba za ta sha ba, a murje masarar da tafin hannu cikin ruwa mai tsabta sau uku ko huɗu har santsin ya tafi.

Niƙan shi ne wurin da ake yawan samun cikas. Wadda take da dutsen niƙa da ƙarfin hannu ta fi kowa dacewa, domin da irinsa matan Meziko suka yi dubban shekaru suna aiki a durƙushe. Wadda za ta aika injin markaɗe kuwa, ta gargaɗi yaron da ta aika ya ce wa mai injin a ɗauraye shi daga kayan miya, a matse shi sosai, a kuma sa ruwa kaɗan ƙwarai, domin ƙulli ake so mai kaurin da za a iya mulmulawa, in ya yi ruwa kamar ƙullin koko aiki ya ɓaci. A sa gishiri kaɗan a cuɗa. A gutsuri kamar girman ƙwan zabo a mulmula, a sa tsakanin leda biyu masu tsabta, a danne da gindin faranti har ya yi faɗin tafin hannu, kaurinsa kuwa kada ya wuce na kwabo. A ɗora a kan kaskon sinasir ko kowane kasko mai shimfiɗaɗɗen ciki wanda ya yi zafi, ba mai ko ɗigo. Da gefen ya fara bushewa a juya, a bar ɗaya fuskar ta ɗan daɗe har ta yi ɗige-ɗigen ƙuna, a sake juyawa. A juyi na biyun nan, in ƙullin ya yi daidai, wainar takan kumbura ta cika da tururi, wannan kuwa ita ce shaidar gwaninta a wurinsu. A riƙa jera su cikin tsabtataccen ƙyalle a rufe da faifai, domin tururin junansu ne yake ƙarasa laushinsu. In gefen yana tsagewa ruwa ya yi kaɗan, a jiƙa hannu a sake cuɗawa.

Wadda ba ta da sukunin wannan duka kada ta fasa. Gurasa, wadda fataken Larabawa suka kawo Kano kuma har yau matan unguwar Jakara suke gasa ta a tanderu, tana yin aikin in an tsaga ta biyu an ɗumama. Sinasir ma yana yi in an zuba shi siriri, ɗan tsaminsa kuwa yana dacewa da nama mai maiƙo. A arewacin Meziko ma da garin alkama suke yin tasu wainar, sai dai sau da yawa da kitsen alade suke murza ta, wanda haramun ne a gare mu. Man gyaɗa ko man shanu ko kakiɗe suna maye gurbinsa ba tare da an rasa kome ba. Wannan kuma wani dalili ne da zai sa Musulmi ya fi natsuwa da abin da aka yi a gidansa bisa ga abin da ya zo a leda da rubutun da bai iya karantawa ba.

Sai salsa. Kalmar da ta fi kusa da ita a bakin matanmu ita ce jajjage, bambancin kawai shi ne mu in mun jajjaga sai mu juye a tafasasshen mai mu soya har ruwan ya ƙone, mu jefa dunƙule biyu ko uku, ta yadda miyar gidan nan da ta gidan can duk ɗanɗanonsu ya zama ɗaya. Ina ganin wannan hasara ce babba ga ƙasar da take noma tumatir irin na Hunƙuyi da bakin Galma. Mafi sauƙin salsa ita ce ɗanya: tumatir huɗu masu tauri, albasa guda madaidaiciya, attarugu ɗaya ko biyu da aka cire wa 'ya'ya, a yanka su ƙanana da wuƙa mai kaifi, a sa gishiri, a matse lemun tsami guda, a watsa yankakken lawashi ko ɗoɗɗoya a madadin wani ganye mai ƙamshi da su suke sawa wanda ba a cika samunsa a nan ba. A bar ta ta ɗan jiƙa kamar tsawon abin da za a yi alwala a yi salla, sa'an nan a ci a ranar, ba ta kwana.

Wadda na fi so, wadda kuma nake ganin ta fi dacewa da harshen Bahaushe, ita ce gasasshiya. A jera tumatir da tattasai da attarugu da albasa da tafarnuwa da ɓawonta a kan garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo, a riƙa juyawa har fatarsu ta yi baƙi-baƙi, tumatirin ya fara tsagewa yana tsartuwa. A kankare ƙunar da ta yi yawa a bar kaɗan saboda ƙamshin hayaƙi. Sa'an nan a kawo ƙaramin turmi, a fara da gishiri da tafarnuwa, a bi da barkono, a bi da albasa, tumatir shi ne na ƙarshe. Mutanen Meziko da turmin dutse suke wannan aiki, har gobe kuwa masu girkinsu suna fifita shi bisa na'urar markaɗe ta lantarki, wadda take kaɗa iska a ciki ta mai da kome kumfa mai ruwan hoda. Na taɓa ganin wata tsohuwa a Kwarbai zaune a kan tabarma tana tsinkar zogale, jikarta tana jajjage a gefe tana luguden taɓarya da ƙarfin ƙuruciya, sai tsohuwar ta ɗaga kai ta ce, "Ke 'yar nan, sakwara na ce ki kirɓa? Sassauta hannu, ki riƙa murzawa, ki bar wa haƙori abin da zai taɓa." Yarinyar ta ce, "To, Iya," ta rage ƙarfi. Wannan tsohuwa ba ta san akwai wata ƙasa Meziko ba, amma ƙa'idar da ta faɗa ita ce tasu daidai wa daida. Abin da zan ƙara daga wajenmu, wanda su ba su da shi, shi ne ɗan gutsuren daddawar kalwa da aka gasa a daka tare da tafarnuwar. Duk wadda ta yi haka ba za ta nemi dunƙule ba.

Akwai ta uku wadda ake yi a jihar Berakurus ta bakin tekunsu, wadda kusan 'yar'uwar yajin ƙulinmu ce, sai dai ita a cikin mai take iyo. A ɗora man gyaɗa kofi guda a wuta marar ƙarfi, a soya tafarnuwa da gyaɗa da riɗi har su yi ja, a sauke, sa'an nan a zuba busasshen shambo da busasshen tattasai da aka cire wa 'ya'ya a cikin man da zafinsa, domin busasshen barkono nan da nan yake ƙonewa, in ya ƙone kuwa ɗacinsa ba ya gyaruwa. In ya huce a daka sama-sama da gishiri da ɗan ruwan tsamiya mai kauri, a zuba a busasshiyar kwalba, mai ya rufe samansa. Tana yin makonni in ba a sa mata jiƙaƙƙen cokali ba, kuma tana shiga shinkafa da wake da ɗanwake da dafaffen rogo. Daga nan kuma ƙofar ƙirƙira a buɗe take. A lokacin bazara mangwaron da ya fara nuna bai yi laushi ba, in an yanka shi da albasa da attarugu da lemun tsami, yana tafiya da gasasshen kifi. Tsamiya da mazarƙwailar Maƙarfi da garin citta, in an dafa su suka yi kauri, suna tafiya da naman rago. Gasasshen gauta da ɗanyen tumatir da 'yan ganyen yakuwa suna ba da koren haɗi mai tsami irin wanda su suke yi da wani ɗan itace nasu mai riga. Kindirmo da aka tsane a ƙyalle yana kashe zafin barkono ga yara da tsofaffi.

Mas'aloli biyu ne ya wajaba a kiyaye game da ɗanyen haɗi. Ta farko ta tsabta ce: yawancin kayan lambun rani ruwan rafi ake ba su, wani rafin kuwa, kamar Kubanni, yana ratsa unguwanni yana kwasar abin da ya kwasa, saboda haka duk abin da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta, a jiƙa shi cikin ruwan gishiri ko ruwan khal, a sake ɗaurayewa, wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama kuma kada su kusance shi; a lokacin da amai da gudawa suke yawo a gari kuwa, a haƙura da ɗanya a koma ga gasasshiya. Ta biyu ta ladabi ce. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaurukan Kona ko Juma ya san cewa, a babin ci da sha, an hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa shiga masallaci, saboda cutar da masu salla da warinsu. Wuta tana kashe wannan wari, shi ya sa gasasshiyar salsa ta fi dacewa da abincin rana da buɗa baki, musamman ga mai niyyar zuwa asham, ɗanya kuwa a ajiye ta sai bayan lisha.

Abin da za a zuba a cikin wainar ba ya bukatar dogon bayani ga mutanen da suka gaji tsire da balangu da dambun nama. Abin lura kawai shi ne a yanka kome ƙanana, a kuma zuba kaɗan, yadda waina za ta naɗe a ci da hannun dama loma biyu ko uku. Su ma mutanen Meziko ba sa zubar da kome na dabba: harshe da naman kai da tumbi da hanji duk suna da masu sayar da takonsu, abin da zai amfane mu a kwanakin layya sa'ad da kayan ciki suke yawa har a rasa yadda za a yi da su. Takon da ya fi shahara a babban birninsu ma asalinsa shawarma ce, wadda baƙi daga Sham da Labanan, irin waɗanda muke kira Kwara, suka kai birnin Puwebla a farkon rabin ƙarni na 20, mutanen ƙasar suka karɓi sandar gashin mai juyawa suka sauya naman da kayan yajin zuwa nasu. Mu sai mu mai da shi ga rago da saniya, mu jiƙa naman da tattasai da citta da kanumfari da ruwan tsamiya. A jihar Wahaka kuma fara suke soyawa da barkono da lemun tsami su naɗe a waina, kamar yadda ake sayar da ita a faranti a bakin titunanmu da hunturu, ita kuwa fara halal ce. Gidan da nama ya yi wa tsada, dafaffen wake da aka dama da albasa da man gyaɗa, ko soyayyar awara, ko kwaɗon zogale da ƙuli, ko ƙwai, kowannensu ya isa. Haɗuwar wake da masara ma, a wajen gina jiki, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa, kuma a kanta al'ummar Meziko ta rayu tun kafin su san saniya ko tunkiya.

Mai girki ta riƙa bin lokaci. Daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara tumatir yakan yi araha har manoma su yanka su shanya a bakin hanya, wannan ne lokacin ɗanyar salsa da gasasshiya, shi ne kuma lokacin tanadin kauɗa da busasshen tattasai. Da damina kuwa yakan yi wuya, wani lokaci ma annoba ta faɗa masa, kamar a 2016 da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A irin wannan hali kauɗar da aka wanke aka jiƙa a ruwan zafi, aka daka ta da gasasshiyar albasa da tsamiya, tana ba da salsa mai duhu mai zurfin ɗanɗano wadda ba ta jin kunyar ɗanya, su ma can da yawa daga haɗe-haɗensu da busasshen barkono ake yi.

Ina roƙon malamanmu na Samaru, waɗanda suka ba mu iri, su dubi wannan al'amari su gwada mana wace masara cikin tasu ta fi karɓar toka, da ma'aunin da ya dace da tokar itatuwanmu, su bayyana shi da Hausa a rediyo yadda matan karkara za su ji. Ke kuma uwargida, in masarar bana ta shigo, ki ware tiya guda kada a kai ta surfe, ki tara tokar murhunki ta kwana biyu, ki dafa ta da yamma ta kwana, ki gasa tumatir da attarugu a garwashin tuwon dare, ki kira yaran gidan su zauna kusa da kasko, domin wannan waina da zafinta ake cinta.